Farfelar Wutsiya da Irin Geron Saurarawa

Da sunan Wanda ya rataye gajimare ba igiya, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba ɗan Adam dabara. Ku gyara zama, mai tabarma ya matsa wa mai buzu. Ni ne Mantau ɗan Gwamma, mutumin Tudun Shirwa, garin da ke kan wani dutse mai tsawon da in ka jefa tsakuwa daga bakinsa za ka gaji da jira ka koma gida ba ka ji faɗuwarta ba. Na yi yawo a ƙasashen da ba su da hanya sai ta sama, na ga abin da zan faɗa ku yarda, na ga wanda in na faɗa za ku dubi juna. Yau labarin shekarar da gero ya ƙi mu na kawo muku.

A shekarar nan wata cuta ta shiga gonakinmu, zangarniya ta riƙa yin baƙi tun tana tsaye, har iri bai tsira ba. Da kyar rumbuna suka kai mu tsakiyar rani. Dattawa suka zauna, suka tuna cewa can gabas akwai ƙasar Saurarawa, masu wani gero da cutar ba ta kama shi. Ƙasar tana kan faffaɗan tudu, tekun taɓo ya kewaye ta, jaki ba ya ratsa shi, kwalekwale ba ya tafiya a kansa. Jirgi mai saukar ungulu ɗaya ne a garinmu, ni ke tuƙa shi, Kuluwa ke gyara shi, saboda haka ba a wahala wajen zaɓen 'yan aike ba.

Kuluwa maƙeriya ce 'yar maƙeri, 'yar kawuna, wato taubashiyata. Tun muna yara ba ta taɓa kiran sunana ba, sai Ɗan Gwaggo, ni kuma in ce 'Yar Kawu, kuma ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da a kan launin sama ne. Jirgin namu kuwa yana da babbar farfela a ka, ita ke ɗaga shi, da wata ƙarama mai fukafukai biyu a ƙarshen wutsiya, tana kallon gefe. Feda biyu ne a ƙarƙashin ƙafafuna, da su nake ƙara wa ƙaramar ƙarfi ko in rage mata.

Muka tashi muka bi doguwar hanya ta kudu, har muka iso wani dutse tilo a tsakiyar taɓon, inda dattawa suka ce baƙo ke fara sauka. Tudun Saurarawa na can nesa kamar hayaƙi. Ba kowa a dutsen, sai bakin wani bututun gora da ya miƙe a kan taɓon har ya ɓace wa ido. Na kashe inji, na kafa baki a bututun na rangaɗa sallama da iyakar ƙarfina.

Wata muryar tsohuwa ta fito a hankali, ta amsa, sannan ta ce, "Ɗan nan, bututun domin ku ne, don ku ji ni. Ni tun da ka yi hamma a kan hanya nake jin ka."

Sunanta Iya Shekara, ita ce mai tsaron iyakar ƙasar. Ta gaya mana cewa mutanenta suna jin tafiyar tururuwa a bayan gari, suna jin lokacin da ƙwai ya yi niyyar fashewa. Iri dai za su ba mu, don ba sa hana mayunwaci, amma jirgin nan ba zai matso tudunsu ba. Bugun babbar farfelar ba ya damun su, kamar daka ne a maƙwabta. Ƙaramar ce masifa, tana tsala ihu kamar sauro mai girman bijimin sa, ga shi tana sarar iskar da babbar ta riga ta yamutsa, kowane sara da ƙararsa. Tun daga nesan nan, in ji ta, jarirai sun ƙi nono, in kuwa muka iso kansu za su kurmance. Mu rufe bakin wutsiyar, mu dawo.

Ni mutum ne mai saurin gano bakin zare. Na ce wa Kuluwa abin da ke ihu a cire shi, shi ke nan. Ta ce ba a saka farfelar nan don ado ba. Na ce shekarata nawa ina tuƙi ban taɓa ganin ta ɗaga ko tsinke ba. Muka yi ta ja, har ta ɗauki sifana ta kwance ta, ta rungume ta, ta tafi can ƙarshen dutsen ta zauna a bayan wani kurmin ƙaya, ta ce bismilla.

Na tada inji, shiru mai daɗi daga baya, na ɗaga jirgin kamar kamu ɗaya daga ƙasa. Babbar farfela na juyawa dama, sai jirgin gaba ɗayansa ya kama juyawa hagu, da ni a ciki. Na ga taɓo, na ga Kuluwa, na ga bututu, na sake ganin taɓo, na sake ganin Kuluwa, tun ina rarrabe su har suka zama abu ɗaya. Na taka feda, ba mai amsawa. Allah ya taimake ni hannuna ya faɗa kan maƙurar inji na rage wuta, juyin ya lafa, jirgin ya zauna daɓas. Na fito ina tafiya kamar katantanwar da ta kusa faɗuwa, na rungumi ƙasa.

Iya Shekara ta yi magana ta bututu, ta ce mutanen tudu sun aiko a tambaya, wane irin tsuntsu ne yake kiran sunan uwarsa a kewaye.

Da Kuluwa ta gama share hawayen dariya, ta ce in tuna mai tsayawa a cikin kwalekwale yana murɗa dutsen niƙa: dutse ya yi dama, kwalekwale ya yi hagu. Haka inji yake murɗa babbar farfela, ita kuma ta murɗa jirgin baya. Ƙaramar nan da na raina ita ke tokare wutsiya daga gefe, shi ya sa hanci ke tsayawa wuri ɗaya. Na ce ai na sani, gwada ta nake yi.

Sai ta kawo tata dabarar. Ta ce gudun bakin fukafukan ne ke jawo ihun, don haka ta sauya haƙoran da ke juya farfelar, ta rage mata gudu. Ƙarar ta sauka sosai, Kuluwa ta riƙa dubana ta gefen ido. Iya Shekara ta ce an samu sauƙi, sauron ya koma girman tunkiya, amma da saura. Ta ba mu shawara mu nufi arewa, mu ƙetare Duwatsun Garwashi, mu nemi Garin Doro, don mutanen can sun fi kowa sanin halin ƙara.

Duwatsun Garwashi jajaye ne, zafi na tashi daga cikinsu kamar bakin maƙera, iskar samansu kuma sakayau take, farfela ta kama ta kamar mai damƙar hayaƙi. Muna hawa ina ƙara wa babbar wuta, ita kuma tana ƙara murɗa jirgin, ina ƙara taka feda. Muna kaiwa wata ƙofa tsakanin duwatsu biyu, na rage gudu don in duba hanya, sai iska ta buge mu daga gefe. Fedar ta kai ƙasa, ba sauran wurin takawa, hanci ya fara zamewa hagu a hankali, dutse na matsowa. Farfelar da aka rage wa gudu ba ta da ƙarfin da za ta riƙe mu.

Wannan juyi na san shi, mun gaisa a baya. Na sassauta wa babbar farfela, na sunkuyar da hancin jirgin, na bi juyin maimakon in yi kokawa da shi, muka zuba cikin wani kwazazzabo kamar shaho ya hango ɗan tsako. Da gudu ya ƙaru, iska ta kama faffaɗan allon da ke tsaye a kan wutsiya, ta miƙe mu kamar yadda wutsiya ke miƙe kifi a ruwa. Muka fita ta ɗaya gefen, cikin jirgin ya shafi kan wata bishiya. Duk wannan abu idon Kuluwa na kan hannuwana da ƙafafuna. Da muka daidaita na tambaye ta ko ita ma gwada ni take yi. Ta ce in dubi gabana.

Bayan duwatsun muka hango wani tudu mai kama da akushi a kife, a bakin teku, da gidaje da gonaki a kansa. Muka sauka a fili. Ban gama kashe inji ba sai tudun ya yi motsi. Randuna suka tuntsure, awaki suka zame, can gaba wani kai mai girman masallacin idi ya leƙo daga ƙarƙashin ƙasa, ya buɗe ido ɗaya, ya yi tsaki, ya koma. Ashe garin a kan bayan kunkuru yake.

Mutane suka taho, kowa yana ɗingishi, babba da ƙarami, har na fara tausayinsu. Shugabansu, Magaji Barmo, dogon dattijo mai magana a rarrabe, ya bayyana mana cewa lafiyarsu ƙalau. Kunkurun yana barci tun zamanin kakanninsu, kuma ƙara kowace iri ba ta tashinsa, ko tsawa ce. Abin da ke tashinsa shi ne ƙara mai maimaita kanta daidai wa daida, don sai ya ɗauka kiɗa ne, shi kuwa yana son rawa, in ya tashi rawa teku yake shiga. Shi ya sa suke tafiya ba daidai ba, suke tari ba daidai ba, mai minshari kuma a sa wani ya riƙa taɓa shi yana ɓata masa tsari. Hukuncinmu, in ji shi, ba za a taɓa mu ba, amma jirgin nan ba zai sake tashi da muryarsa ta yanzu ba.

Muka zauna a Garin Doro, hankalinmu na gida, don gajimaren farko ya fara taruwa a gabas. Mutanen kuwa akwai karamci. Wai don kada baƙo ya yi ta zirga-zirga da takunsa mai tsari, sai su zaunar da shi su yi ta ɗura masa tuwo da miyar kifi. Kuluwa ta ƙi zama, ni kuwa ban ga dalilin saɓa wa al'adar mutane ba.

Wata safiya ta zo ta ja ni zuwa inda mata huɗu ke daka a turmi ɗaya. A garinmu da lugude za su yi, taɓarya na bin taɓarya, a ji su har bayan gari. Waɗannan kuwa biyu su sauka kusa da juna, a ɗan dakata, biyu su biyo, daka na ci amma ƙarar ba ta haɗuwa ta zama murya ɗaya, tana watsewa kafin ta kai ƙofar gida. Kuluwa ta ce fukafukai huɗu za ta ƙera maimakon biyu, ta yadda ko ba gudu mai yawa za su tura iska isasshiya, kuma ba za ta raba tazararsu daidai ba. Na ce abin da ba daidai ba in ya juya zai girgiza wutsiyar har ta karye. Na ɗauki almakashin wata mai kitso na buɗe shi rabi, na nuna mata: kowane baki yana da ɗan'uwansa a ɗaya gefen, nauyi ya daidaita, tazara kuwa ba ɗaya ba. Ta karɓa ta juya shi a hannu, ta ce ashe tuwon bai toshe ko'ina ba.

Saura guda kuma ni na samo ta, ko da yake Kuluwa tana ba da labarin daban. Tana cikin yi mini faɗa a kan wata ƙusa da na yar, sai ta sunkuya ta cusa kai cikin wani tsohon turmi da gindinsa ya fashe, tana neman ta, faɗan bai tsaya ba. Ni da ke tsaye a gefe sai na ji muryar ta koma can ƙasa-ƙasa, na ji wani sanyi a kunnena da ban taɓa ji ba. Na ce, "'Yar Kawu, abin da turmin nan ya yi miki, me zai hana ya yi wa farfela?"

Ta ɗago za ta jefe ni da ƙusar, sai ta tsaya tana kallon turmin. Aka sassaƙe shi ya zama zobe mai kauri, aka kafa shi a wutsiya, farfelar almakashi ta zauna a cikinsa. Iska na shiga ta baki ɗaya ta fita ta ɗayan, ƙarar da ke fantsama gefe katako ya tare ta, yamutsattsiyar iskar babbar farfela kuma ba ta sake faɗo mata kai tsaye. Babbar ma Kuluwa ta ɗan lanƙwasa bakin fukafukanta don bugunta ya yi laushi.

Ranar gwaji Magaji Barmo ya cika ƙwarya da ruwa fal, ya ajiye a ƙasa, ya ce in ɗigo ya zuba to kunkuru ya motsa, mu kuma mun zama 'yan gari. Na tada inji, na ɗaga jirgin, na juya hanci dama, na juya hagu, ya bi ni kamar doki mai ladabi. Ruwa bai ko girgiza ba. Mutanen Doro suka yi mana tafi, kowa da lokacinsa.

Muka kewaye duwatsun ta bakin teku muka koma dutsen bututu. Iya Shekara ta ce yanzu abin ya koma kamar mai tankaɗe a ɗaki na uku, mu ƙaraso. Na yi zaton zan ga mutane masu kunnuwa kamar faifai, sai na tarar da wata 'yar tsohuwa mai ƙananan kunnuwa kamar na ɓera. Saurarawa suka fito da buhunan iri suna tafiya a kan yatsun ƙafa, suka ce mu ɗiba iya abin da garinmu zai shuka.

A nan ne sabuwar wutsiyar ta nuna farashinta. Turmi yana da nauyi, kuma da muka loda buhunan da za su ishi kowane gida, na ƙara wa babbar wuta don ta ɗaga su, sai murɗarta ta fi ƙarfin ƙaramar, hanci ya fara zamewa tun ba mu bar ƙasa ba. Muka zubar da akwatin kayan gyara, muka cire kujerar baya, muka rage mai har sai wanda zai kai mu ta gajeriyar hanya, wato ta kan Duwatsun Garwashi. Duk da haka da saura. Ko a sauke buhu biyu, wasu gidaje su kwana ba shuka, ko mutum ɗaya ya sauka. Iya Shekara ta ce tana jin ruwan farko yana tahowa daga gabas, ba lokacin sawu biyu.

Kuluwa ta ce ita za ta zauna. Muka gwada, na tashi ni kaɗai, hanci ya zame. Ta dubi cikina, na dubi cikina, tuwon Garin Doro ya tsaya a tsakaninmu yana ba da shaida. Ita ba ta kai nauyin buhu ɗaya da rabi ba, saboda haka ita ce za ta tafi. Ta taɓa tuƙi a fili sau da yawa, amma ba ta taɓa hawa duwatsu ba. Na fara yi mata bayanin abin da za ta yi in iska ta buge ta, ta ce ta gani da idonta, kada ta rage gudu a ƙofar duwatsun kamar yadda wani ya yi. Ta hau, ta ɗaure ɗankwalinta tamau, sannan ta ce, "Ɗan Gwaggo, in ban dawo ba, ka ce wa Baba ni na zaɓa."

Ta ja jirgin a guje har bakin tudu, ta sake shi cikin iska, ya nutsa kaɗan, ya ɗago, ya tafi. Na tsaya har ya zama ɗigo. Iya Shekara ta zaunar da ni kusa da ita, ta rufe ido, ta riƙa faɗa mini abin da take ji: ta wuce taɓo, ta fara hawa, inji na nishi, iska ta taso daga gefe, wutsiya na kokawa. Sai ta yi shiru. Na jira, na ƙara jira, na ce Iya, sai me?

Ta buɗe ido ta ce, "Ya fita daga kunnena, ɗan nan. Da kun bar shi da ihunsa na da, da na raka ta har ƙofar gidanku."

Zaman da na yi a ƙasar Saurarawa ba zan iya kwatanta muku shi ba. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, ba labari. Ga shi ƙasa ce da mutum ba ya iya ɓoye komai, in zuciyata ta buga da ƙarfi maƙwabta su aiko a ce in yi haƙuri, in na juya a shimfiɗa a san ban yi barci ba. Na shiga taya su noma don in sami abin yi. Abinci ya daina shiga, tuwon Doro ya zube ya tafi da nasa da wanda ya tarar. Kullum da hantsi nakan je bakin tudu in zauna, Iya Shekara ta zo da kaɗinta ta zauna kusa da ni, ba ta ce mini komai, ni ma ba na tambaya.

Wata rana muna zaune haka, sai mazarinta ya tsaya. Ta karkata kai yamma, ta daɗe, sannan ta ce in tashi in wanke fuskata, ina da baƙuwa. Na ce jirgin ta ji? Ta ce a'a, jirgin bai shigo kunnenta ba tukuna, matuƙiyar take ji, tana tafe tana lissafa laifuffukan wani mutum da ya bar feda ta hagu da tauri.

Sai da rana ta karkata sannan na ga ɗigon. Ya sauka a hankali, turmin wutsiya ya tsage ta gefe an ɗaure shi da fata, cikin jirgin duk jan ƙasar duwatsu. Kuluwa ta fito, ta rame ita ma, a hannunta akwai wani ɗan tsiron gero kore da ta ciro da saiwarsa a cikin ɓawon ƙwarya. Ta miƙo mini, ta ce daga gonar Gwaggo ne, kowane gida ya shuka, ko ɗaya bai yi baƙi ba. Mai ne ya ƙare a gari, sai da aka tatsi sabo, shi ya sa ta daɗe.

Na riƙe ƙwaryar da hannu biyu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da haka nake tun farko da ba a bar ni ba. Na nufi kujerar tuƙi, ta riga ni zama, ta nuna mini inda buhuna suka zauna a baya. A nan na zauna har gida, da geron a cinyata.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Wanda ya yi shakka, Kuluwa na nan a maƙerarta, sai dai ya tafi da abincin rana, don nata labarin ya fi nawa tsawo, kuma ni ba na fita da kyau a cikinsa.